Canjaras a gasar ces (wasan chess, dara irin ta Turawa): me kuka gani, me ya same ku?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. A gasarmu ta nan Garwa, gwanayenmu biyu sun haɗu a zagayen ƙarshe, kowa ya bar allonsa ya zo kallo. Ko zama ba mu gyara ba suka yi musafaha, kowa ya ɗauki rabin maki. Ni dai raina ya ɓaci. Ku fa?

Malamin lissafi, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin makin ya ishe su raba kyautar, me zai kai su kasada? Manya ma suna yi. A Landan a 2018, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun buga wasa 12 na kambun duniya, duk canjaras. A na ƙarshen Carlsen ne ke da ɗan rinjaye, amma shi ya nemi a raba a motsi na 31. Da aka koma wasan sauri ya ci 3-0.

'Yar Njamena: Malam, nawa canjaras ɗin da gumi na same shi. Sarki kaɗai ya rage mini, abokin karawata yana da fu (ɗan wasan da ke tafiya a karkace, kan gidaje masu launi ɗaya kawai) da soja guda na gefen allo. Na ruga da sarkina kusurwar da sojan zai zama sarauniya. Kusurwar baƙa ce, fu ɗinsa kuwa na farin gida, ba shi da hanyar fitar da ni. Bawan Allah ya yi ta kewayawa har aka kira la'asar, da ya gaji ya tura sojan, sai pat, wato ba ni da motsin da zan yi kuma ba a kai wa sarkina hari ba, wasa ya tashi canjaras. Har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata!

Alƙalin wasa, Ngaundere: Madalla da ke, ƙanwata. Ni abin da ke wahalar da ni shi ne maimaici sau uku, wato neman canjaras idan tsayuwar allo iri ɗaya ta bayyana sau uku. Yara su miƙe suna ihu wai an maimaita. Ƙa'ida ita ce ka rubuta motsin da za ka yi, ka tsayar da agogo, ka kira ni. Tsayuwar allo ake dubawa, kuma ba sai ta zo a jere ba.

Ɗan Garwa: Irin na Yaya ta Njamena ba ni da ja. Baffa alƙali, a gasa mai zuwa ba za a hana neman canjaras kafin motsi 30 ba?

Alƙalin wasa, Ngaundere: Ana iya sawa a dokar gasa. Sai dai masu son rabawa za su maimaita sau uku su tashi.