Ana bina bashi, ga sabon aiki ana neman lambar akawun

Direban Rigasa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar banki ya ba ni shawara.

Na samu aikin tuƙa motar 'yan makaranta a wata makarantar kuɗi a Malali, albashi naira dubu 65. Sun ce ba sa biya a hannu, in kawo lambar akawun mai sunana kafin 20 ga wata. To ni ana bina bashi. A 2021 na karɓi dubu 450 a wani ƙaramin banki, na haɗa da abin hannuna na sayi Keke Napep na hannu. Ina zubi duk mako ba fashi, har ranar da tifa ta murƙushe keken a titin Nnamdi Azikiwe, daidai Bakin Ruwa. Allah ya tsare, ƙafa ce kawai ta karye, keke kuwa sai 'yan Panteka suka saya a kilo. Ina kwance wajen mai ɗori zubi ya tsaya. Saura dubu 180 a lokacin, yanzu sun ce da ruwa da tara ya haura dubu 300. Ga wata manhajar bashi ta waya da na karɓi dubu 20 na sayi magani, su kuma suka bi lambobin wayata suna tura hotona wai ɓarawo ne. Har surukina ya samu.

Tsohon akawun ɗina tun lokacin ban taɓa shi ba. Wani abokina a tashar Kawo ya ce an riga an toshe BVN ɗina, duk bankin da na shiga korata za a yi. Gaskiya ne? Ni ba rance nake nema ba, wurin da albashi zai sauka kawai.

Hajiyar Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ƙara lafiya. Na yi shekaru a teburin buɗe akawun a wani banki da ke titin Yakubu Gowon, kuma abokin nan naka ya haɗa abu biyu ne ya cakuɗa.

BVN da ake sa wa ido na masu damfara ne, waɗanda aka kama da zamba ta banki. Kasa biyan bashi ba ya kai mutum can. Inda sunanka zai fito shi ne wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma rahotonsu banki ya fi dubawa idan rance ka zo nema. Asusun ajiya kuwa kuɗi kake kawo musu. Ban taɓa mayar da mutum a kan asusun ajiya don ana binsa bashi a wani wuri ba. Waɗanda na mayar, yawanci suna ne bai dace ba: BVN ta ce Mohammed, NIN ta ce Muhammad, ko ranar haihuwa ɗaya 1 ga Janairu ɗaya kuma wata daban. Danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, lambar BVN za ta fito, ka je da ita tare da takardar NIN a gwada maka tun kafin ka cika fom.

Kada ka nemi asusun karant, shi ne mai son mutum biyu su tsaya maka da dogon bincike. Kada kuma ka yarda a buɗe maka na matakin farko don ya fi sauri. A ƙa'idar Babban Banki dubu 50 ne iyakar abin da zai shiga lokaci guda, kuma ba ya riƙe fiye da dubu 300, ka ga albashinka ba zai wuce ƙofa ba. Kana da lasisin tuƙi, ka haɗa da fasfo biyu da takardar wuta ta gidan da kake, a buɗe maka cikakke. Wurin adireshi, tunda na san Rigasa, rubuta kwatance sosai: layin wane, kusa da wane masallaci, ƙofa wace kala. Mai zuwa duba gida idan ya yi yawo bai gane ba rubutawa yake babu wannan adireshi, shi ke nan an tsayar da akawun.

Abin da ya kamata ya dame ka daban ne, sunansa GSI. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankin da ke bin mutum damar bin BVN ɗinsa ya ɗebi kuɗinsa daga kowane banki, muddin ya sa hannu a kan takardar yarda lokacin karɓar bashin. Kusan kowa ya sa, tana cikin tarin takardun da ake cewa "sa hannu nan, da nan". Wato akawun zai buɗu lafiya lau, albashi ya sauka da la'asar, kafin magariba ka ji wani alat ɗin ya kwashe shi.

Mai POS na Kawo

Oga ka bar wahalar layin banki. Sauke OPay ko Moniepoint ko PalmPay, minti biyar an ba ka lamba. Rabin direbobin tashar nan da su suke karɓar kuɗi. Kuma wa zai bi ka can?

Baban Ummi

Ni dai mafi sauƙi ka ba su akawun ɗin matarka ko na ƙaninka. Haka maƙwabcina ya yi da bashin korona ya biyo shi. Ya ɗauka kyautar gwamnati ce, sai da wata rana aka turo masa kuɗin shinkafa buhu huɗu na wani mutum, suna shiga aka share. Har yau ana shari'ar a gidan mai unguwa.

Hajiyar Unguwar Rimi

Mai POS, za a bi shi can. Su ma da BVN ko NIN ake buɗewa, Babban Banki ya wajabta haka tun sanarwar Disamba 2023, kuma ƙa'idar GSI ta ambaci irin waɗannan asusun na waya. Ba laifi ya buɗe don harkar yau da gobe, amma ba maɓoya ba ce.

Baban Ummi, makarantar ta ce mai sunansa. Ko da ba su ce ba, na ga abin da albashi a akawun ɗin wani ke haifarwa: mutum ya shekara biyar yana aiki, ranar da aka sallame shi ba haƙƙi ba shi da takarda ɗaya da ke nuna an taɓa biyansa. Na ƙani kuwa, Allah ya bar zumunci kawai.

Direba, kafin 20 ga wata ka je ƙaramin bankin nan da ƙafarka. Kada ka tsaya wajen yaron da ke kiranka a waya, shi kamasho yake ci. Nemi manaja ko shugaban sashen bashi. Ka ce a buga maka bayanin bashin tun daga ranar farko, a raba uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Wannan rabon yana da amfani, don GSI uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda ta ɗiba, ban da tara. Ka tafi da hoton keken da duk wata takardar asibiti ko ta 'yan sanda, da takardar ɗaukarka aiki. Bashin da ya shekara da shekaru a kwance sun riga sun fitar da rai da shi, mutumin da ya shigo da kansa ya ce zai riƙa ba da dubu 15 duk wata ba korarsa za su yi ba. Sau da yawa tarar ce farkon abin da suke yafewa. Amma duk abin da kuka yanke a rubuta shi a takarda mai tambarin banki da sa hannu, a kuma rubuta cewa ba za su taɓa akawun ɗinka ba muddin kana biya. Manaja na canzawa, wanda ya zo bayansa bai san alkawarin baki ba.

Malam na Tudun Wada

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada kunya ta hana ka zuwa. Tunda za ka buɗe sabo, ga Jaiz nan, reshensu na Kaduna na cikin na farko da suka fara aiki a 2012, ga TAJ da Lotus, ba ruwanka da kuɗin ruwa a ajiyarka. Sai dai Hajiya ta gyara mini in na yi kuskure, ina jin su ma BVN ɗin ɗaya ce.

Direban Rigasa

Hajiya Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na danna lambar, BVN ta fito. Saura abu biyu. Lasisina ya ƙare tun watan jiya, ina jiran sabo. Sannan 'yan manhajar nan fa, su ma za su iya ɗiba?

Hajiyar Unguwar Rimi

Amin. Malam haka ne, BVN ɗaya ce ko'ina.

Lasisin da ya ƙare ba za su karɓa ba, je da katin zaɓe. 'Yan manhaja kuwa, yawancinsu ta katin ATM ɗin da ka saka musu suke cira, ba ta GSI ba, sai wadda ke da lasisin banki. Don haka kada ka saka sabon katinka a kowace manhajar bashi, in ma ka koma tsohon akawun ka sa a soke tsohon katin. Dubu 20 ɗinsu ka biya ta tiransifa ka ajiye rasit. Tura hotonka da suka yi kuwa laifi ne, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kai, ka adana saƙonnin, har wanda surukinka ya samu.

Idan ka gama da ƙaramin bankin ka karɓi takardar shaidar ba a binka komai, sannan ka nemi rahotonka a ɗaya daga kamfanonin nan uku masu ajiye tarihin bashi. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka sau ɗaya kyauta a shekara. Bankuna na mantawa su aika cewa mutum ya biya. In ka ga haka, ko aka ɗebi fiye da ƙa'ida, rubuta wa bankin ƙorafi ka sa su buga maka hatimi a kwafinka. Mako biyu ba amsa, ka kai sashen kare masu hulɗa da banki na Babban Banki (CBN), reshensu na nan kan Yakubu Gowon. Ka je ƙaramin bankin ranar Talata ko Laraba da safe, Litinin manaja na cikin mitin.