Ana neman Hausar emilsiyon kafin Litinin

Mai Buga Riga: Salamu alaikum malamai. Litinin zan fara koya wa samari buga zane a riga a shagona na Sabon Gari a Damagaram, kuma da Hausa za a raba takardar darasin. Kadar da ake ɗaure ƙyalle a kai na ce katako, ƙyallen na ce rariya, sai emilsiyon ta tsaya mini a wuya. Ita ce abin nan mai kauri da muke shafa wa rariya a ɗaki mai duhu. In ta bushe, a ɗora baƙin zane a haska. Inda haske ya taɓa ta daskare, inda baƙin ya rufe ruwa ya wanke ta, fenti ya samu hanya. Me zan kira ta?

Mushen Lakwal: Ƙaron haske. Yana da danƙo, haske ke daskarar da shi. Da can ma masu hoto sun yi aiki da ƙaro na gaske.

Ƴar Birni: Yaya, yaran shagonka me suke ce mata?

Mai Buga Riga: Magani.

Tsohon Mafassari: Magani? Na ɓera ma magani ne. Kalmar tana nan a gida, ku ne ba ku duba ba: makuba. Ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke shafe daɓe da bango don ruwa kada ya ci. Shafawa ake, ta toshe ƙofofi, ta yi tauri. Makubar rariya, an gama.

Mushen Lakwal: Baba, makuba ba ruwanta da haske, kuma hasken shi ne dukan aikin.

Tsohon Mafassari: Shi jirgin sama ruwa yake bi? Amma jirgi muka ce. Kalma ai girma take yi.

Mai Buga Riga: Ku yi haƙuri, ba suna ɗaya nake nema ba, iri 3 ne kuma zaɓensu shi ne darasin. Akwai diyazo, mai zuwa da ɗan gari a kwalba, a jiƙa a zuba a ciki. Ta fi araha, tana yafe wa ɗan koyo in ya ɗan wuce lokacin haskawa, amma da an haɗa ta sati 4 zuwa 6 ne ƙarshenta, zafi kuma yana rage wannan lokacin. Bara a watan Afrilu na haɗa kilo guda, kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta yankewa, firigo ya zama akwati. Bayan sati 3 na haska rariya, na yi ta feshin ruwa, zanen ya ƙi buɗewa, rigunan ƴan ƙwallo na jibge. Akwai SBQ, a haɗe take zuwa, tana kai shekara, sai dai a hasken ranar Damagaram daƙiƙu kaɗan sun ishe ta, ka waiwaya ta wuce. Ta ukun ta haɗa halin biyun. Mai fentin ruwa kuma dole ya nemi wadda ruwa ba ya narkarwa, in ba haka ba zanen ya zube tun bai kai rabin aiki ba.

Ɗan Kwari: Mu nan Kano emolshan muke cewa, kowa ya gane. Ku bar wahalar da kanku.

Ƴar Birni: Taku ta Ingilishi, tamu ta Faransanci, duk kayan aro ne. Kada ka zo mana da fin ƙarfi.

Tsohon Mafassari: Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, sannan a ce mu je Kano aron bakin Bature? Damagaram ba ta taɓa bin Kano ba.

Ɗan Kwari: Amma kayan daga ina kuke saro su, Baba?

Mushen Lakwal: Jama'a, mutumin nan Litinin yake jira. Ƙaron haske a kai. Diyazo: mai garin haɗi. SBQ: haɗaɗɗe. Ta uku: ruwa biyu.

Ƴar Birni: Ruwa biyu ta yi. Amma ka rubuta emilsiyon sau ɗaya a sama, don yaron da ya je kasuwa neman ƙaron haske, ƙaron tawadar allo za a auno masa.

Mai Buga Riga: Na ɗauka haka. Na gode ƙwarai.

Tsohon Mafassari: To, ku je da ƙaronku. Ni dai a littafina makuba na rubuta. Ka turo takardar in duba maka ƙugiyoyin ɗ da ƙ kafin ka kai a buga.