Ina za mu samo mai jifa da ɗan kuɗin nan?

Jama'a, ina neman shawara. Ina cikin kwamitin wata ƙungiyar kurket ta gunduma a Ingila. Kakar wasa na ƙarewa a Satumba, mai jifan ƙwallonmu mai sauri ya koma inda aka fi biya. Jiya ma'aji ya buɗe littafin kuɗi, kowa ya yi tsit.

Doka ta yarda da 'yan wasan waje biyu, mu ko ɗaya da ƙyar. Tun da hanyar Kolpak (wadda a da ta sa ba a lissafa 'yan wasan wasu ƙasashe a matsayin 'yan waje) ta rufe a ƙarshen 2020, ɗan Afirka ta Kudu ma cikin biyun nan ake lissafa shi. Waɗanda muka tuntuɓa hankalinsu na kan IPL, babbar gasar kurket ta Indiya, ita kuwa tana cinye Afrilu da Mayu.

Mu nemi aro daga wata gunduma, ko mu jarraba yaron da muke horarwa?