Wi-Fi ba ya kaiwa ɓangaren Hajiya: wace hanya zan bi?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Rautar gidanmu, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, tana falona, ɓangaren mahaifiyata kuwa yana ƙarshen tsakar gida, tazarar kimanin mita 30, da bangon bulo uku a tsakani. Duk sanda ƙanwata ta kira ta ta bidiyo, sai Hajiya ta fito bakin rijiya da waya a hannu, ko da tsakar rana ce. An ba ni shawarar na'urar da ake sokawa a soket, wadda ke tura intanet ta wayar lantarki. Shin za ta biya buƙata?

Mai Haɗa Waya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba na ba ka shawararta, domin tana son ɓangarorin biyu su kasance a kan layin wuta ɗaya, alhali gidajenmu da yawa ana sauya layi, a koma janareto ko inbata, kuma kowane sauyi yana iya raunana ta ko ya katse ta. Rifita, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake yaɗa shi, ita ma tana da aibinta: yawanci rabin gudun take bayarwa, tunda ita ke karɓa ita ke aikawa. Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗaga rautar sama kusa da taga, ka haɗa wayar Hajiya da siginan rautar na 2.4 GHz, wanda ya fi na 5 GHz ratsa bango.

Injiniya daga Hotoro:
Bango uku na siminti da rodi ba sa barin sigina ya wuce da ƙarfinsa, saboda haka a ganina a ja kebul kawai. Kebul ɗin intanet nau'in Cat6 yana kaiwa mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Ka kai shi ɗakin Hajiya, ka jona rauta ta biyu, ka kashe mata DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori lambar adireshi, sannan ka ba ta suna da kalmar sirri irin na ta farko. Idan ka je Beirut Road, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Kano, ka dage sai kebul na tagulla zalla, don akwai na alminiyum mai rufin tagulla, wanda ke saurin karyewa. Kada a rataye shi a sama. A zura shi cikin bututun roba a binne, saboda zafin bazara da ɓera, musamman kuma tsawar damina.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na ɗaga rautar, sigina ya ƙaru da sanda ɗaya kacal. Ranar Asabar mai haƙa zai zo, in sha Allah.