Inabi da halin shekara: abin da 'yan Maradi suka gani a garka da ƙasashen waje

Mai garka a Jiratawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyar ke nan da na dasa kurangar inabi goma sha biyu a gefen garkata, daga yankan da wani abokin fatauci ya kawo mini daga Hunkuyi ta ƙasar Zazzau. Abin da ya sa na kawo maganar gabanku shi ne, itace ɗaya a ƙasa ɗaya, da taki iri ɗaya, ya ba ni 'ya'ya kala uku a girbi uku. Karon farko na yi masa aski, wato na datse rassansa, a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, ya nuna a Fabrairu cikin sauran sanyin hunturu, kuma 'ya'yan suka yi baƙi sosai, ga zaƙi, ga ɗan tsami mai daɗi a ƙarshen harshe. Karo na biyu na makara har Disamba, nunarsa ta faɗa cikin zafin Afrilu, sai 'ya'yan suka tsaya jajaye, wasu suka yamutse a kan nono, zaƙin kuma ya zama kamar na ruwan sukari, babu ƙamshi ko kaɗan. Na ukun shi ya fi yi mini ciwo, domin na nemi girbi a damina, ya zo nuna daidai da ruwan ƙarshen Agustan 2024 wanda ya rushe gidaje a nan Maradi. Cikin kwana uku 'ya'yan suka kumbura suka tsage, rina da ƙuda suka taru a kansu, fumfuna ta rufe sauran, ban cika ko kwando guda ba. Ina roƙon duk wanda ya yi aikin inabi, a nan ko a waje, ya gaya mana abin da ya gani.

Ɗalibin aikin gona da ya yi karatu a Bordo ta ƙasar Faransa:

Wa alaikumus salam Baba. Abin da ka gani a itace goma sha biyu shi ne abin da manoman Faransa suke gina lissafinsu gaba ɗaya a kansa, har ma suna rubuta shekarar girbi a jikin kwalbar giyar inabi, saboda gona ɗaya ba ta ba da abu iri ɗaya shekara biyu a jere. Ni ban taɓa kai giyar bakina ba, aikina ya tsaya ga 'ya'yan da ruwansu kafin ya juya, amma na yi kaka biyu ina awo a gona guda, a 2021 da 2022, kuma shekarun nan biyu kamar dare da rana suke.

A 2021 ƙarshen Maris ya yi ɗumi, itatuwa suka ɗauka bazara ta tsaya, suka yi toho da wuri. A makon farko na Afrilu sai sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo dare bayan dare. An tashe mu wajen ƙarfe biyu na dare muna jera manyan kyandirori cikin gwangwanaye tsakanin layuka, gona ta koma kamar gari mai fitilu, duk don a ɗaga ɗumin iska da digiri ɗaya ko biyu. Da gari ya waye na kama wani toho da yatsa, jiya kore shar, yau ya yi baƙi ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Bayan haka ruwan sama ya yi yawa a Yuni da Yuli, cutar fumfunar ganye ta shiga, muka yi ta feshin maganin nan na tagulla da farar ƙasa wanda a Bordo ɗin aka ƙirƙiro shi wajen 1885. Girbin Faransa na shekarar ya shiga cikin mafi ƙanƙanta da aka gani a shekaru masu yawa. Wanda ya tsira ya nuna a makare, zaƙinsa kaɗan, tsaminsa da yawa, kuma mai gonar ya gaya mini cewa giyar irin wannan shekara takan fito marar nauyi, mai kaifi a baki.

2022 kuwa zafi ne da fari, har dazuzzukan Landiras, kusa da Bordo, suka kama da wuta a Yuli, hayaƙi ya rufe sama. An fara tsinkar farin inabi tun tsakiyar Agusta, abin da dattawan wurin suka saba yi a Satumba. 'Ya'yan ƙanana ne, fatarsu mai kauri, ruwansu kaɗan. Akwai wani ɗan ma'auni da ake ɗiga ruwan inabi a kansa a duba ta hasken rana, kuma kowace safiya sai na ga zaƙi ya hau, tsami ya sauka. Lissafin da suke yi shi ne, kimanin giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin giya, don haka shekarar zafi tana ba da giya mai ƙarfi da duhun launi. Launin daga fata yake fitowa, haka ma wani ɓangare na baurin, kuma idan ƙwaya ƙarama ce rabon fata a kan ruwa yana ƙaruwa. Game da naka na Afrilu, Baba, bayaninsa yana nan: itacen yana ƙone wani ɓangare na tsaminsa idan dare ya yi zafi, kuma tsananin zafi yana hana launi kama fata. Sanyin daren hunturu shi ya adana maka tsami da baƙin nan na Fabrairu.

Wanda ya yi ci-rani a Aljeriya:

Ni ban yi lakwal ba, amma na yi shekara huɗu a gonakin inabin ci na Bumardas, gabas da birnin Aljiyas, inda suke ɗora itacen a kan rumfar waya mutum ya shiga ƙarƙashi yana tsinka. Abin da manoman can suka fi tsoro shi ne wata iska mai zafi da take tasowa daga Sahara, suna ce mata shehili. Idan ta buso kwana biyu a lokacin da 'ya'ya suke canza launi, duk nonon da rana ta samu kai tsaye sai gefensa ya toye ya yi ruwan ƙasa. Wata shekara mai gonar ya sa muka rage ganye da yawa don iska ta shiga, sai ga shehili, muka yi asarar kusan duk layukan da suke fuskantar yamma, kuma daga shekarar ya hana a taɓa ganyen wannan ɓangaren. Shawarata gare ka, Alhaji, ka bar wa nono inuwarsa, domin ranar Maradi ta fi ta can zafi nesa ba kusa ba. Na kuma lura cewa suna rage ban ruwa idan nuna ta kusa. Suna cewa ruwan da itace ya sha a makonnin ƙarshe cikin ƙwaya yake tafiya, ya tsinka zaƙi, idan ya yi yawa farat ɗaya ya fasa fata. Wannan shi ne ya same ka a Agusta.

Hajiya mai sayar da kayan marmari a babbar kasuwa:

Ni daga kan faranti nake gane halin shekara. Na wajen Zariya da hunturu yake shigo mana ta Jibiya, kuma shekarar da sanyi ya kama sosai yakan kwana uku a wurina bai saki ba, masu saye su dawo suna tambaya. Shekarar da hunturu ya yi rauni kuwa, kafin ya iso ƙwayoyin sun fara zuba daga nono, ƙasan kwali ya jiƙe, sai na karya kuɗi in rabu da shi kafin la'asar. Akwai abin da nake so masu noma su riƙe: inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Wanda aka yanko da tsami, da tsaminsa zai ruɓe. Ƙanena, kada tsoron tsuntsu ya sa ka yanke shi ɗanye, gara ka rufe nonnan da tsohon gidan sauro.

Ɗan'uwa mazaunin Italiya:

Zan ƙara kaɗan a kan abin da ɗalibinmu ya faɗa. A 2023 ina aiki a gonakin Abruzo, ruwa ya yi ta sauka a Mayu da Yuni har tarakta ta kasa shiga laka don yin feshi, fumfuna ta cinye furanni tun kafin su ƙulla. A wasu layukan sai ka ɗaga ganye ka tarar da nono ya bushe ƙayau kamar tsintsiya. A shekarar Faransa ta sha gaban Italiya a yawan giyar inabi, kuma ƙungiyar kula da inabi ta duniya ta ce abin da aka samu a duniya baki ɗaya shi ne mafi ƙaranci tun 1961. Mu 'yan ƙwadago mun ji shi a jikinmu, domin aikin tsinkar da muke yi na mako shida ya ƙare cikin mako biyu, kuma da kuɗin kakar nan ne da yawa daga cikinmu muke aika wa gida na sayen hatsi.

Mai garka a Jiratawa:

Allah ya saka muku da alheri, kowa ya ba ni abin da zan yi aiki da shi. Da na koma na ƙirga, daga askin itacen zuwa nunarsa wata huɗu ne ko da ɗan ɗoriya a duk karo ukun, don haka ranar da na sa almakashi ita take zaɓar irin yanayin da 'ya'yan za su nuna a cikinsa. Na haƙura da girbin damina. Bana zan yi askin a makon farko na Oktoba, in bar ganyen ɓangaren yamma yadda ɗan'uwanmu na Aljeriya ya ce, in kuma rage ban ruwa da zarar launi ya fara juyawa. Itace biyu zan ware in yi musu aski a tsakiyar Satumba, ko da ruwa bai gama ɗaukewa ba, don in ga ko nunar Janairu za ta fi ta Fabrairu baƙi da ƙamshi. Hajiya, idan Allah ya kai mu, kwandon farko wurinki zai zo, ki ɗanɗana ki gaya mini gaskiya.