Yaya zan raba zobban zare a sandar fatsa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masunta. Ina haɗa sandar fatsa mai tsawon ƙafa 7 don kamun tarwaɗa a dam ɗin Tiga, kwana 3 ke nan na maƙale wajen jera zobban da zare ke bi ta cikinsu. Guda 7 na liƙa da salatif, ban da na bakin sandar, tazarar inci 8 tsakaninsu. Da na ƙulla zaren a ƙofa na ja, sandar ta tanƙwara, amma can sama zaren ya miƙe, bai bi lanƙwasar ba. Na matso da su wajen baki, sai zare ya fara dukan jikin sandar in na yi jifa.

Don Allah, inci nawa ya dace tsakanin maɗaurin zare (abin da ake naɗe zaren a kai) da zobe na farko? Ko in ƙara zobe na 8? Ba na son in shafa gam kafin in tabbatar.