Kuɗin garantina sun maƙale, lanho kuma na bina bashi

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan kwangila ne a Damagaram. Na gina ajujuwa uku a wata lakkol ta wajen Mirriah, kwangilar miliyan 18 na sefa. Duk biyan da aka yi mini ana cire kashi 5 cikin 100 na garanti, wato kuɗin da ake riƙewa har a tabbatar ginin bai lalace ba, jimla jika 900, an kuma cire TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya da ayyuka, kashi 19 tun daga tushe, wai waɗanda suka ba ni kwangilar ne za su zuba wa baitulmali.

An karɓi ginin karɓar wucin gadi, shekarar garanti ta cika, kwamiti ya dawo ya duba, babu tsaga babu yoyo, aka sa hannu kan takardar karɓar ƙarshe. Yau wata 14 ke nan, ko dala ta kuɗin garantin ban gani ba.

Na rubuta wasiƙa biyu, duk da hatimin shiga. Na je ofishin da ya ba ni kwangilar ya fi sau goma; mai lissafi ya ce dosiye na wajen shugaba, shugaba ya ce babu kuɗi, in dawo bayan sallah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne TVA ɗin. Ba su ba ni takardar shaidar cirewa ba, su kuma ma'aikatan lanho suna ganin bashi a sunana, sun hana ni ARF, wato takardar shaidar cewa ba a bin mutum bashin lanho. Ba ARF, ba shiga takarar wata kwangila. Mai siminti kuwa kullum yana ƙofar gidana.

Wanda ya taɓa fita daga irin wannan, ina ya kamata in fara kai ƙara: ARCOP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, a Yamai, ko kotu nan Damagaram?